Abokina mabiyin Buda ya kasa komawa ibadarsa tun rasuwar mahaifiyarsa

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a fannin noma a Chiang Mai da ke arewacin Tailan. Ina da aboki ɗan ƙasar, mabiyin addinin Buda, malaminmu ɗaya. Shi ya riƙe ni lokacin da na zo ban san kowa ba. Shi ya nuna mini inda ake sayar da naman halal, shi ya kai ni masallaci a babur ɗinsa Juma'ar farko, da azumi kuma ko ruwa ba ya sha a gabana. Bara mahaifiyarsa ta rasu bayan doguwar jinya, muna gonar gwaji aka bugo masa waya. Da damina ta kama ya aske kansa ya shiga ruhubanci na wata uku don ya kai mata ladan, kamar yadda suke yi. Ya fito da niyyar zai riƙa zaman nutsuwa, wato ibadarsu ta zama shiru a tattara hankali wuri guda, na awa guda safe da yamma. Yanzu ya kasa. Ya ce da ya zauna sai gyangyaɗi, in ba gyangyaɗi ba sai gadon asibiti ya tsaya masa a ido. Ba ya magana da wansa, wai shi ya sa aka daina magani aka mayar da ita gida. Ya fara shan giya da daddare, yana latsa waya har ƙarfe biyu. Gidan ibadarsu ma ya ƙaurace masa don kunya, yana cewa ya ɓata ladan uwarsa, wataƙila ma duk abin ba gaskiya ba ne. Shekaranjiya ya tambaye ni, "Kai da kake tashi asuba kullum, yaya kake yi?" Na rasa amsa. Wasu 'yan uwanmu ɗalibai sun ce dama ce ta samu in kira shi Musulunci. Ni kuma ina tsoron in taimaka masa ya koma wata bauta in kwashi zunubi, ina kuma tsoron in zuba ido ya lalace. Me zan yi?

Wani ɗalibi, Chiang Mai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma saka maka da wannan damuwa da ka yi da mutumin da ya yi maka rana.

Bari in fara da abin da ya fi ba ni mamaki a wasiƙarka. Ba da saninka ba, ka jero abubuwa biyar da addinin abokinka ya daɗe da lissafawa a matsayin masu tare wa mai ibada hanya. A tsofaffin nassosinsu na harshen Pali, waɗanda mutanen Tailan, Siri Lanka da Myanmar suke bi, an ambace su sau da yawa: kwaɗayin jin daɗi, ƙullin zuciya ga wani, kasala da barci, rashin sukuni haɗe da nadama, sai shakka. Giya da wayar dare su ne na farko. Gabar da yake yi da wansa ita ce ta biyu. Gyangyaɗi na uku, gadon asibitin da ke tsaya masa a ido na huɗu, "wataƙila duk ba gaskiya ba ne" kuma na biyar. Abin da yake ɗauka lalacewarsa ce shi kaɗai, darasi ne da ake koya wa duk wanda ya fara zaman nutsuwa, kuma na tabbata ya ji shi a watanni ukun da ya yi. Baƙin ciki ne ya rufe masa ido har bai gane shi ba da ya zo masa a jiki.

Koyarwar tasu ma ba ta ce wanda waɗannan abubuwa suka same shi ya faɗi ba. Cewa ta yi idan barci ya zo, ka san ya zo, idan fushi ya taso, ka san ya taso, ka lura da abin da ya taso da shi da abin da ke kwantar da shi. Wannan lura ita kanta ana ƙirga ta cikin aikin. Ke nan minti biyar ɗin da yake yi yana kokawa da gyangyaɗi bai tafi a banza ba ko a ma'aunin addininsa.

Sai ka duba ma'aunin da ya ɗora wa kansa. A gidan ruhubanawa an gina rana dukanta don a sauƙaƙa nutsuwa. Ƙararrawa ce ke ta da mutum kafin gari ya waye, a fita da ƙwarya yawon karɓar sadakar abinci, ba a ci bayan rana ta take, dokoki 227 sun tsare mutum ta kowace fuska, ga malami kusa, ga abokan zama kowa abu ɗaya yake yi. Daga nan aka dawo da shi ɗakin haya, ga rubutun digiri, ga malami na jiran sakamako, ga waya a ƙarƙashin matashi, sannan ya ce sai ya yi awa biyu kullum shi kaɗai. Ai wannan ɗaukar Dala ba gammo ce. Akwai labarin da duk ɗan Tailan da ya yi karatun addini zai iya tunawa, na wani almajirin Buda mai suna Sona, ɗan gidan arziki, wanda ya yi ta tafiyar ibada har tafin ƙafarsa ya tsattsage, jini ya ɓata wurin, ya kuma fara tunanin gara ya koma gida tunda bai ga komai ba. Buda ya san makaɗi ne a da, sai ya tambaye shi: in ka ɗaure tsirkiya ta yi tsauri sosai, tana ba da sauti? Ya ce a'a. In ta yi sako-sako fa? Ya ce a'a. Ya ce to haka ƙoƙari yake, ka daidaita shi. Abokinka ya ja tasa har ta tsinke, yanzu kuma ya yar da abin kiɗan gaba ɗaya.

Don haka in ya sake buɗe maka zancen, tambaye shi ko zai iya minti goma, sau ɗaya a rana, a lokaci guda da ba ya canzawa. Ba awa ba. In zama ya gagara, suna da tafiyar nutsuwa, inda mutum zai zaɓi ɗan fili mai taku ashirin ko talatin ya riƙa kai da komo a hankali, hankalinsa na kan tafin ƙafarsa. Ga mai baƙin ciki wannan ta fi zama sauƙi, domin rufe ido a ɗaki shiru shi ke kiran hoton asibitin.

Batun barci kuwa har dariya yake ba ni, don wanda aka fi sani da shi a nassosinsu ba ƙaramin mutum ba ne. Moggallana, ɗaya daga manyan almajiran Buda guda biyu, an same shi yana gyangyaɗi a wurin zama. Shawarwarin da aka ba shi na kowa ne: ka sauya abin da kake tunani a kai, ka karanta abin da ka haddace da ƙarfi, ka ja kunnuwanka ka murza gaɓoɓinka, ka tashi ka wanke ido da ruwa ka ɗaga kai ka dubi taurari, ka yi ta kai da komo. In duk wannan bai yi ba, ka kwanta ta gefen dama ka yi barcinka da niyyar tashi da zarar ka farka. Ka ga har barcin an ba shi wurinsa. Amma ni a ganina gyangyaɗin abokinka ba wani sirri ke cikinsa ba. Wanda ya sha giya ya kwanta ƙarfe biyu, ko wane addini yake bi, safiya za ta kayar da shi. A gyara dare tukuna. Waya ta kwana nesa da gado, kuma nan kana da abin yi, domin kai ma ɗalibi ne mai tashin asuba: ku yi alkawarin ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya kashe tasa.

Yanzu ga wurin da nake ganin ciwon yake, wato maganar "na ɓata ladan uwata". A wurinsu haƙƙin iyaye abu ne mai nauyi ƙwarai. An rawaito Buda yana cewa ko mutum ya ɗauki uwa a kafaɗa ɗaya, uba a ɗaya, shekara ɗari yana yi musu hidima, bai biya su ba. Wannan ba baƙon zance ba ne a kunnen Bahaushe. Ɗa namiji a Tailan yana shiga ruhubanci na ɗan lokaci musamman saboda iyaye, tun ba uwa ba, kuma fitowa bayan wa'adi ba abin kunya ba ne. Marigayi Sarki Bhumibol kansa kwana 15 ya yi a 1956, bayan rasuwar kakarsa, ya koma gadon sarauta. Abokinka wata uku ya yi cur. A fahimtarsu kowane aiki da nasa sakamakon, kuma ana miƙa wa mamaci lada ne a lokacin, da 'yar al'adar nan ta tsiyaya ruwa a hankali daga ƙaramin tulu zuwa kwano ana ambaton wanda ake nufi. Abin da ya yi ya riga ya yi shi. Giyar da ya sha daga baya laifinsa ce da zai gyara, ba ta koma baya ta kwashe wancan ba. Dokoki biyar na mutanen gari, wato barin kisa, sata, alfasha, ƙarya da kayan maye, ana sake karɓar su daga bakin ruhubani duk ranar ibada, wadda ke zagayowa sau huɗu a watan sama. An tsara abin ne da sanin mutum zai karya ya dawo.

Sai dai kada wannan bayani ya fito daga bakinka a matsayin fatawa. Kai baƙo ne, ba ɗan addinin ba, in ka ce masa "ladanka na nan" zai ɗauka lallashi ne kawai. Wanda zai faɗa ya shiga shi ne malamin da ya shigar da shi ruhubanci, ko wani dattijon ruhubani da ya zauna da shi. Babban aikinka shi ne ka karya kunyar da ta hana shi zuwa wurinsu. Ka tambaye shi kai tsaye: "Malamin da ya aske maka kai ya san halin da kake ciki?" In gidan ibadar na garinsu ne da nisa, ya buga waya. In kunyar fuskar da ta san shi ce, Chiang Mai cike take da gidajen ibadar da ba a san shi ba. Wat Umong na nan gindin dutsen Doi Suthep cikin itatuwa, Wat Ram Poeng kuma an san shi da koyar da zaman nutsuwa ƙarƙashin malami da ake kai wa rahoto. Maganin shakka a koyarwarsu shi ne tambayar wanda ya sani, ba zama da ita a ɗaki ba. An ce Ananda, hadimin Buda, ya taɓa cewa abota ta gari rabin wannan tafarki ce, Buda ya gyara masa ya ce ai dukansa ce. Abokinka ya yanke kansa daga duk mutanen da za su riƙe shi, kai kaɗai ka rage.

Wan nasa fa? Ba mu ji ta bakinsa ba, kuma ina so ka tuna da haka in ana kawo maka ƙararsa. Mai yiwuwa shi ne ya kwana a asibiti watanni, shi likita ya kira gefe, shi ya ji abin da tsohuwar ta roƙa. Marasa lafiya da yawa sukan ce a mayar da su gida su cika a ɗakinsu. Wanda yake nesa yakan ga kamar an yi gaggawa, wanda yake kusa ya san abin da idonsa ya gani. Ina kuma zargin rabin fushin abokinka da kansa yake yi, don yana gona aka bugo waya, kuma ya fi sauƙi mutum ya ɗora wa ɗan uwa laifi da ya ce ban kasance a wurin ba. Kada ka faɗa masa haka gatsal. Ka tambaye shi ko ya taɓa zama ya ji yadda makon ƙarshe ya kasance daga bakin wan, ba don a yi shari'a ba, don ya ji kwanakin uwarsa da bai gani ba. In akwai 'yar uwa ko gwaggo da dukansu ke jin maganarta, ita ta haɗa su. Ranar cika shekara da rasuwar, da iyali kan taru su kai abinci gidan ibada, dama ce da ba sai kowa ya ce shi ya fara sauka ba. Suna da wata ibada ta yi wa halitta fatan alheri a zuci, wadda ita suke ba wa mai ƙullin zuciya, kuma Buddhaghosa, malamin da ya yi sharhin nassosinsu a Siri Lanka a ƙarni na 5, ya yi gargaɗin kada a fara ta da wanda ake gaba da shi. Da kai ake farawa, sannan wanda kake girmamawa, a hankali har a iso ga abokin gabar. Ke nan ko addininsa bai ce ya yafe gobe da safe ba.

To, ga tambayarka ta zunubi. Ni ba mai fatawa ba ce, amma iyakar a fili take. Ba za ka rusuna wa gunki ba, ba za ka tsiyaya ruwan ba, ba za ka karanta abin da suke karantawa ba, kuma na san shi ma ba zai nema ba, mutumin da ya ɓoye ruwan shansa saboda azuminka. Hana aboki giya, raba shi da gabar ɗan uwa, mayar da shi barci kan lokaci, tura shi wurin dattijon da zai kwantar masa da hankali, duk kyautatawa ce, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, mu kuma yi musu adalci. In zuciyarka ba ta kwanta ba a kan wani abu takamaimai, kamar sauke shi a ƙofar gidan ibada, je ka tambayi limamin masallacin da kake Juma'a. Musulmin Chiang Mai, irin jama'ar masallacin Ban Haw waɗanda kakanninsu suka zo daga Yunnan ta ƙasar Sin, sun yi zamani da zamani suna maƙwabtaka da mabiya Buda. Sun fi wanda ya zo bara sanin inda ake taka ƙafa.

'Yan uwanka ɗalibai alheri suke nufi, ban ce ba. Amma kalmar "dama" ce ta tsaya mini a rai. Mutumin nan ya kawo maka rauninsa ne saboda ya amince da kai. In ya gane kana jiran ya raunana ne ka shigo da abin da kake so, za ka rasa shi, kuma zai tafi da mummunan zato ga addinin da kake son ya gani da kyau. In ya tambaye ka Musulunci, ka amsa da gaskiya, ka kai shi wurin masu sani in ya nema. In bai tambaya ba, watanni ke nan yana kallon sallarka, ba abin da ka ɓoye masa.

Tambayar da ya yi maka kuwa tana da amsa, kuma amsar gaskiya ita ce za ta amfane shi. Kada ka nuna masa kai jarumi ne. Faɗa masa lokacin a ƙayyade yake, ba kai ke zaɓa ba. Faɗa masa ruwan alwala ne ke kore barcin, raka'a biyu ce ba awa guda ba, kuma akwai ranar da kake makara, ka tashi ka rama, washegari ka ci gaba ba tare da ka ce ka fita daga addini ba. Faɗa masa yadda take yi maka nauyi a nan da ba ka jin kiran salla daga kowace kusurwa kamar gida. Mutumin da ke ganin ibada sai ta cika cif ko a bar ta, wannan yake bukatar ji, kuma zai san yadda zai auna shi da nasa.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka ɗauke shi da wasa. Rashin barci, shan giya shi kaɗai, guje wa mutane, ganin kai ba shi da amfani, in sun haɗu sun daɗe bayan rasuwa, suna iya zama ciwon damuwa, wanda zaman nutsuwa kaɗai ba ya warkarwa. Wani lokaci ma dogon zama shiru yana tsananta shi, shi ya sa ba na so ya ruga wani zaman kwana goma na kulle baki yanzu da sunan ramuwa. Ka lura ko yana cin abinci, ko yana zuwa aiki, ko ramewa yake yi. Ka ba shi shawarar ya ga mai ba da shawara na jami'arku ko likita, ka ce za ka raka shi. In ka ji ya fara cewa gara ya bi ta, ko rayuwa ba ta da amfani, tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum aikatawa. Kada ka bar shi shi kaɗai a daren, ka kira 1323, layin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na gwamnatin Tailan, ka kuma sanar da danginsa ko da zai yi fushi da kai.

In kuma ka kawo duk wannan ya ce ba ya so, ba malami, ba zancen wansa, ba zama, to ka ajiye zancen ibada gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ku riƙa cin abincin dare tare sau biyu ko uku a mako a wurin da ba a sayar da giya, shagunan Musulmi na unguwar Chang Khlan sun ishe ku. Ka ja wani abokinsa ɗan ƙasar cikin lamarin, don kai ma kana da digirin da ka bar gida dominsa, kuma akwai maganar da sai da harshen uwa take fita. Bayan wata guda ka sake rubuto mini in ji inda aka kwana.